Nomau da Baƙin Katako

A Tungar Kanya akwai wani Nomau, gardi guda, amma kai kam sai addu'a. Yana zaune gidan yayarsa Kande mai suyar ƙosai a dandali, da kaskon nan take ciyar da su. Mai unguwa ya riga ya ja mata kunne, in Nomau ya sake ɓata taro, ita da dandali har abada.

Wata rana aka yi shela cewa Arzika mai wasan 'yar tsana zai yi wasa Juma'a da Asabar. Kande ta ce wa Nomau, "Ran wasan ka kai tabarma gaba, ka zauna, kada ka tashi sai na zo." Nan take ya suri tabarma sai dandali, alhali ranar Laraba ce. Bawan Allah ya zauna, ruwa ya sauko ya yi masa dukan tsiya, ko gezau. Da ta je ɗauko shi yana karkarwa, sai ya ce, "Yaya, kin makara."

Wata rana, Juma'ar kenan, bayan la'asar Arzika ya shige ƙarƙashin mayafinsa, ya ɗago wani ɗan tsoho na katako. Tsohon ya yi sallama da 'yar siririyar murya, ya ce yunwa yake ji. Nomau ya dubi jama'a, ba wanda ya motsa. "Haba! Baƙo guda a garinmu?" Ya suri farantin ƙosai ya dire gabansa. Mai unguwa ya harari Kande.

Wata rana kuma, ranar ƙarshe, ta ce masa, "Don girman Allah, kallo kawai." Ana tsakiyar wasa sai tsohon katako ya kife, mayafi ya hau girgiza. Jama'a har da riƙe ciki, an ɗauka wasan ne. Nomau ya miƙe.

"Zauna!" in ji Kande, hawaye ya cika mata ido.

"Baƙo ya suma kuna dariya?"

Ya fizge mayafin. Ga Arzika ido ya firfito, hannu ɗaya a wuya, ɗayan riƙe da ƙafafun tsohon. Ɗan karan da yake sa wa a baki don siranta murya ne ya maƙale masa a maƙogwaro. Nomau bai san wannan ba, shi dai ya ga ƙato ya danne baƙo. "Sake shi, mugu!" Ya zabga masa dundu, karan ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

Arzika ya ja numfashi, ya ja, ya ce, "Wallahi da na tafi."

Mai unguwa ya share gumi ya ce, "Kande, koma kan kaskonki." Ta zauna daɓas, tana dariya tana kuka, don daɗi.

Nomau kuwa na durƙushe yana yi wa tsohon katako fifita. "Yaya, kawo ruwa, shi har yanzu bai farfaɗo ba."