Ranar da Na Hau Soro Ba Tsani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara hawa soron gidana ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu ba za su bari ba.

Ni mutum ne da ya tsufa a gidan haya. Lakwal, karatun boko, ban yi nisa ba, na ƙare a Maradi ina planto, ɗan aiken ofis, ina goge teburan waɗanda muka zauna benci ɗaya da su. Duk shekarun nan ba talaucin ne ya fi ci mani rai ba, aro ne. Ƙusa ta fita daga ƙyaure, je ka ari guduma. Guga ya faɗa rijiya, je ka ari ƙugiya. Ka tsaya ƙofar wani kana sosa ƙeya, a miƙo maka abin, a bi ka da "a dai maido." (Wani mai gida ya taɓa bina har ɗaki ya karɓi gudumarsa, ƙusar tana rabi cikin bango.) Sai na yi wa kaina rantsuwa: ranar da Allah ya ba ni gida nawa, ni da kalmar "ara mani" har abada.

Allah kuwa ya ba ni. Can bakin garin Tasawa, ta hanyar Kona, ginin laka, soro biyu da ɗan zaure. Kafin in sayi tabarma na sayi akwatin kayan aiki, jan akwati na ƙarfe, irin wanda na daɗe ina hange a bayan motar darektanmu. Guduma, zarto, turnabis na kwance sukurori manya da ƙanana, kile na ɗaure noti na kowane baki, abin cire ƙusa, mita mai naɗewa. Tsani ne kawai ban saya ba. Tsani ba ya ƙyalli, ba ya shiga akwati.

Da la'asar nakan shimfiɗa buhu a tsakar gida, in goge su ɗaya bayan ɗaya, in jera. Ina kallonsu ina ganin abin da babu: shuɗin ƙyaure, rumfa mai sanyi, jikokin da ban samu ba tukuna suna lilo a reshen itacen da ban dasa ba. Mafi daɗi duka, ina ganin maƙwabta a ƙofata suna sosa ƙeya, ni ina cewa "a dai maido."

Matata Mariyama ta ɗauki turnabis wata rana, ta juya shi.

"Malam, duk gidan nan mene ne za ka kwance da wannan? Laka ce fa da azara."

"Ke ba ki san komi ba."

"Na dai san damina ta matso, kowa ya gyara indararonsa sai mu. Je ka ari tsanin Baba Ɗan-Tani."

"Ba na aro."

Baba Ɗan-Tani tsohon manomi ne, katangarmu ɗaya, kuma tsaninsa ne kaɗai a unguwar. Abin da ban sani ba (ni da na rayu ƙarƙashin kwanon wasu), aron tsanin nan shi ne sanarwa. Wanda ya ɗauko shi yakan bi lungu yana faɗin, "Za a hau soro, mata a kimtsa!" Don makewayin gidajenmu ba su da rufi, kuma wanda ke sama babu tsakar gidan da ba ya gani.

Wani hantsi hadari ya taso daga gabas, Mariyama ta tafi kasuwa. Na mirgino tano, gangar ƙarfen da muke zuba ruwa, na ɗora turmi bisa, na rataya akwatina da igiya, na taka na kama katanga. Ina cira ƙafa tanon ya kife, ya gangara har zaure, turmi ya bi shi. Ban ko waiwaya ba. Indararon kuwa, busasshiyar laka ce da sheƙar tsuntsu. Da hannu na ƙwaƙule, akwatin ko buɗe shi ban yi ba.

Sai na miƙe tsaye.

Wallahi ban taɓa sanin duniya tana da faɗi haka ba. Gonaki an share suna jiran shuka, rairayi ja har inda ido ya gaji, gawo nan da can, amalanke ɗaya tana tafiya kamar ba ta son isa. Iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani gari. Hadarin baƙi ƙirin, gefensa kamar an shafa zinariya. Ƙarƙashin ƙafata kuma soro ne, nawa, ba wanda zai ce sauko. Na riƙe ƙugu, ina juyawa a hankali, ina murmushi, ina ta gina bene a cikin kaina.

"Innalillahi! Ƙato a sama!"

Na dubo ƙasa. Inna Kuluwa ce, matar Baba Ɗan-Tani, cikin makewayi, kumfa fal kanta, ta kifa ƙwaryar wanka a ƙirji. Gidan gaba ana kitso, kawuna a buɗe, mata suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi. Ni kuma murmushin nan ya ƙi barin fuskata, ya daskare.

"Dariya ma yake yi, la'ananne!"

Na kwanta rub da ciki. Yayyafi ya fara, laka tana manne mani a riga. Ina jin lungu yana cika da maza, wani yana cewa dama mutanen birni haka suke. Nan na gane abin da ke shirin faruwa: gidan da na jira rabin rayuwata zai zama gidan mai leƙen mata, Mariyama kuma ba za ta ƙara shiga taron sunan kowa ba.

"Kai wane ne a saman nan?" Muryar Baba ce.

"Ni ne, Baba."

"Me ka hau nema?"

"Indararo."

"Da me ka hau, tsanina yana jingine a gida?"

Daidai nan Mariyama ta dawo. Ta ga tano a zaure, ta ga turmi a kife, ta ɗaga kai ta ga hulata.

"Baba, wallahi ba leƙe ba ne," in ji ta. "Girman kai ne. Rantsuwa ya yi ba ya aro."

Sai wani a lungu ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Baba bai yi ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "To madalla. Tsani dai yana nan. Mai so ya tambaya."

Na dubi ƙasa, da nisa. Na dubi jan akwatina, kile iri-iri, babu mai sauko da mutum. Ruwa ya ƙaru.

"Baba, ara mani tsani."

"Iska ta yi yawa, ɗana, ban ji ba."

"ARA MANI TSANI!"

Daga bayan katanga muryar Inna Kuluwa ta fito, tana ɗaura zane: "A dai maido!"

Tun ranar sunana Shamuwa. Duk shekara in na ɗauko tsanin ina bin lungu ina faɗin za a hau soro, sai mata su amsa daga ciki, "Shamuwa ta taso, a fito da iri!" Ba na dariya, amma ba na fasa faɗi. Turnabis ɗin kuwa yana wurin Mariyama, da shi take huda gwangwanin tumatir.

In ka yi sabon gida, nemi guduma, felun kwasar ƙasa da igiya mai ƙwari, sun ishe ka. Tsani kam bar shi a gidan maƙwabci, ka je da ƙafarka ka ara. Gara ka roƙa kana ƙasa da ka roƙa kana sama.