Gandiroba Mai Saurin Durƙuso

Duk ƙasar Daura, daga bakin Kusugu har garin Babban Mutum, ba a haifi namiji kamar Harisu ɗan Talatu ba. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma wa zai ƙaryata mai abu? Mu tsofaffin unguwa Dodon Fursuna muke ce masa, shi ko har ya ƙara buɗe hammata.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya yanke cewa aikin gandiroba ne daidai da shi. Mutane kan yi istihara, su nemi shawarar manya. Shi madubi ya tambaya, madubi ya ce e.

A teburin mai shayi yake huɗubarsa. "Aikin nan sai mai taurin zuciya! Ni ko ubana aka kawo, wallahi sai ya yi mini tsallen kwaɗo. Ba sani ba sabo!"

Ubansa dai ya daɗe a kabari, alkawarin bai da tsada.

Ya soma gwaji da awakin uwarsa. Ya kulle su a zaure, yana zagaye da kulki yana muzurai. Kafin azahar fursunoni sun tsere ta baya, sun yi buɗe-baki da geron maƙwabta. Ya ce ai da gangan ya yi musu afuwa.

Kawunsa Dabo, mai faɗa a ji a wani gidan yari, ya gaji da naci. Ya ce, "Zo ka wuni ciki tare da ni. In na ga za ka iya, zan kai sunanka. In ba haka ba, ka koma dillancin tumaki."

Dodo ya shiga yana taku ɗai-ɗai, ƙirji gaba kamar zakaran da bai san da baƙi ba. Fursunoni na zaune a layi, ya daka musu tsawa, har wasu suka zabura.

Sai wani tsoho a ƙarshen layi ya ɗago kai. Audi wanzami ne, wanda aka ɗaure kan saniyar amana da ya sayar a Mai'adua.

"Kai, ɗan Talatu! Ba ni na yi maka kaciya ba? Mutum huɗu suka danne ka, kana kiran iya! Haka ake wuce manya?"

Kafin Harisu ya yi tunani, gwiwoyinsa sun riga shi. Ga Dodon Fursuna durƙushe a ƙasa, kulki a gefe.

"Ina kwana, Baba? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Miƙo min butar can."

Ya miƙa, da hannu biyu.

Gidan ya ɗauki shewa. Dabo ya rufe fuska da hula, ya sa aka buɗe wa ɗan 'yar'uwarsa ƙofa.

Ranar, a duk gidan, shi kaɗai aka sallama saboda kyawun hali.