Kejin Injiniya Tasi'u

A wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Kaduna akwai wani malami, Tasi'u, wanda idan ka kira shi ba ka haɗa da "Injiniya" ba, to ka yi da bango. Aikin nasa ya iya, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai dai cika baki, kai ka ce shi ya yanke wa kwamfuta cibiya. Shi ya haɗa manhajar da ke gyara aikin ɗalibai: kowa ya rubuta kod ɗinsa, wato umarnin da ake ba kwamfuta, da yaren Python, ya tura, babbar kwamfutar cibiyar ta gudanar da shi, ta ba da maki. A cikin wannan kwamfutar kuma sakamakon mutum ɗari da ashirin yake ajiye, ga yaye ɗalibai saura mako guda.

Mai cibiyar, Hajiya Turai, ba ta san kod ba amma ta san mutane. Ta tambaye shi idan wani mai taurin kai ya turo abin da zai shafe sakamakon fa? Tasi'u ya yi irin dariyar nan da ake yi wa wanda bai sani ba. Ya ce ai keji ya gina. Duk kod ɗin da aka turo a ciki yake gudu, kuma ya sa masa maigadi, wato wani ɗan guntun kod mai riƙe da jerin abubuwan da aka hana: ba buɗe fayil, ba gogewa, ba leƙa intanet. Abokin aikinsa Nafi'u ya ja shi gefe, ya ce masa shi Python yare ne mai sakin fuska, kod na cikin gudu zai iya taɓa duk abin da suke wuri ɗaya da shi, ya sauya shi, har da shi kansa maigadin. Gara a ware wa aikin kowane ɗalibi wurinsa daban, inda ko ya yi ɓarna kansa ya yi wa. Tasi'u ya ce wannan dabarar matsorata ce. Bai tsaya nan ba, sai da ya shiga aji ya bugi ƙirji a gaban Hajiya, ya ce duk wanda ya fita daga kejin nan, shi kuma a ranar zai ajiye aiki.

To, a ajin akwai wani dattijo, Baba Ɗanjuma, wanda ya yi ritaya ya ce zaman gida ya ishe shi. Da yatsa biyu yake buga rubutu, gilashi a kan karan hanci, ga tambaya kamar ɗan jarida. Tasi'u ya raina shi ƙwarai, har yakan ce masa, Baba a bi a hankali kada kwamfutar ta gaji. Ranar da Tasi'u ya bugi ƙirjin nan, tambaya ɗaya dattijon ya yi, wai shi maigadin nan a ina yake zaune, ciki ko waje? Tasi'u ya ce ciki mana, in ba haka ba ta yaya zai ga abin da ake yi. Baba ya ce to madalla, ya rubuta a ɗan littafinsa.

Ran Laraba da hantsi Tasi'u ya buɗe sakamako zai nuna wa Hajiya, sai ya ga kowa ya ci ɗari bisa ɗari. Kowa fa, har da wata baiwar Allah da ta daina zuwa tun watan azumi. A ƙarshen jerin kuma an ƙara suna guda, Injiniya Tasi'u, maki sifili. Nan take gumi ya karyo masa, ga fanka tana juyawa. Ya duba ya sake dubawa, sai ya gano aikin Baba Ɗanjuma ne, layi shida kacal ya turo. Bai yi faɗa da maigadi ba. Hannu kawai ya miƙa ya share jerin abubuwan da aka hana, maigadi ya duba takardarsa ya ga fara tas, ya ce a wuce. Sa'ar da aka ci, dattijon ya kwafe sakamakon gaskiya ya ajiye a gefe kafin ya yi aikinsa.

Kunya ta kama Tasi'u, sai ta koma masa fushi, don ya ga Hajiya ta naɗe hannu tana jiran ya cika alkawari. Ya nufi Baba a gaban aji.

"Baba, da girmanka? Ka fasa mini keji, kuma wannan laifi ne."

"Ni ban fasa komai ba, Injiniya. Duba, ko ƙusa ban cire ba."

"Ai na rubuta ɓaro-ɓaro a saman shafi cewa an hana taɓa maigadi!"

Baba Ɗanjuma ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Na gani, ɗana, kuma rubutun ya yi kyau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gandiroba. Mu ma mukan rubuta doka a bango, amma ba mu taɓa ba fursuna ajiyar makulli ba."