Yadda Za Ka Sayi Zuciyar Suruki da Rediyo Mai Rubutu

Ɗan'uwa, bi matakan nan. In ba a ɗaura maka aure kafin kaka ba, to ba ka karanta da kyau ba ne. Ɗalibina Sambo na Bakura shaida ne.

1. Samo na'ura. Nemi Baturen aikin dam ɗin Bakolori mai shirin komawa gida. Baturen Sambo ya bar masa rediyon hira da mutanen nesa, haɗe da tafireta: ka buga magana a nan, ta fito a takardar wani a bayan teku. Ya bar masa darasi rabi, jirgi ya tafi da sauran.

2. Kafa eriya. Ɗaure waya a kan gora mafi tsawo. Ko ba ta kama komai ba, an gani daga kasuwa.

3. Buɗe aji. Kada ka jira ka iya, koyarwa ke kawo iyawa. In takarda ta fito da RYRYRY, gwajin layi ne, amma ka ce Bature ne ke dariya. Da haka labari ya kai ga Alhaji Ɗantani, dillalin shanun Talata Mafara, mahaifin Taibatu wadda Sambo ke so, ita ma take sonsa. Dattijon ya daɗe yana cewa yaron ba shi da sana'a.

4. Bar suruki ya yi gaisuwa. Ranar da Alhaji ya zo gani da ido, wata mata daga ƙasar sanyi ta amsa kiran Sambo. Alhaji ya gyara zama.

"Tambaye ta ina kwana. Ina gajiya. Ina iyali, ina ruwa, ina dabbobi."

Sambo na fassarawa da guntun Turancinsa, takarda na zuba ƙasa kamar rawani. Kada ka katse dattijon.

"Yanzu hwaɗa mata ina da bajimin sa."

5. Kame bakinka. Matar ta gaji, ta bugo 73. A wajen masu rediyo, sai an jima ke nan.

"Naira saba'in da uku? Ga san nan nawa? Ce mata albarka!"

Sambo ya buga ALBARKA, gumi na ɗiga a kan haruffa. Ita ta ɗauka wata gaisuwa ce mai daɗi, ta bugo 88, wato sallama ta ƙauna.

Alhaji ya miƙe har hularsa ta faɗi. "Ta ƙara! Wallahi ta san shanu! Na sallama. Sambo, ashe kai ɗan kasuwa na. Turo magabatanka."

6. Karɓi amanar. Ranar da aka kai amarya, aka kai san, aka ɗaure a ƙofar Sambo har mai shi ta zo daga Turai. Yana nan, yana cin dusa, yana ƙiba. Kowace Talata Alhaji kan leƙo ya tambaya ko ta taso.

Gargaɗi: Ni shawara na bayar. Lasisi, tsawa a kan eriya, da harawar sa duk naka ne. In kuma surukinka ya ce a kira matar ya ji dalilin jinkiri, ban san ka ba, ban taɓa zuwa Bakura ba.