Tafin Hannuna a Duniyar Mars

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je makarantar su Nafisa, ɗiyata ta biyu, kallon gasar kimiyya. Ko yanzu na tuna sai na ji kamar in ja hijabi in rufe fuska.

Makonni yarinyar nan ta yi tana cika mana kunne da zancen wata duniya wai ita Mars, maƙwabciyar tamu, ja wur, ba ruwan sha ba itace. Ta ce an aika wata mota marar direba can, tana yawo ita kaɗai tana tonon ƙasa, tana neman alamar ko wani abu mai rai ya taɓa zama a wurin. Ita da ƙawayenta biyu suke haɗa kwatancin abin a makaranta, kuma waɗanda suka zo na ɗaya ne kawai za su wakilci makarantar a gasar jiha. Ni dai ban taɓa ganin aikin ba (da ta ce mota, na ɗauka abu ne da ko akuya za ta iya hawa).

A lokacin ba a daɗe da yi mini aikin ido ba. Likita ya hana ruwa ya taɓa fuskata, don haka taimama nake yi a gida da wani dutse. Na sa baƙin tabarau na taso daga Unguwar Rogo, dutsen kuwa na baro shi a kan taga.

Aka yi ta jawabai har azahar ta yi, aka ce a tafi salla kafin alƙalai su zagaya. Harabar makarantar duk an shafe ta da siminti. Na leƙa wani aji da babu kowa, sai ga wani faffaɗan katako a ƙasa, shimfiɗe da jar ƙasa mai laushi, tas da ita kamar an tankaɗe. Wallahi har addu'a na yi wa malaman, na ce kai, waɗannan sun san darajar marasa lafiya. Akwai 'yan duwatsu da wata motar wasan yara ta kwali a kai, na kwashe su na ajiye gefe, ina cewa yara ba su da ta ido. Wani ɗan tudu da ke tsakiya na baje shi da gefen hannu. Na yi bisimilla na buga tafuka biyu na shafi fuska, na sake bugawa na shafi hannuwa. Na yi sallata cikin natsuwa.

Da aka dawo, na bi ayarin iyaye da alƙalai har muka shiga wani aji. Sai da na ga katakon nan a ƙasa na gane shi. Nafisa na gaba, ta juya wa katakon baya, ta fara abin da ta haddace da murya mai daɗi: "Wannan ita ce duniyar Mars. Har yau babu ɗan Adam da ya taɓa sa ƙafa a cikinta."

Babban alƙalin, wani dattijo mai furfura, ya sunkuya ya duba, ya ce, "Ƙafa kam ba a sa ba, ɗiyata. Amma ga hannu nan har biyu."

Nafisa ta waiga. Ban taɓa ganin fuska ta mutu haka ba. Malamarsu ta daka tsawa, "Wa yat taɓa wanga aiki? A kira min 'yan aji ɗaya, su na san sun shigo nan!"

Za a daki 'ya'yan mutane saboda ni. Na ɗaga hannu a hankali (hannun ma jajir yake, haka goshina da bakin farin hijabina, ashe kowa na gani ban da ni). Na ce, "Malama, ni ta. Taimama niy yi."

Wata mata a bayana ta fashe da dariya, sauran suka bi. Nafisa ta ce, "Inna!" Kalmar ke nan guda, amma na fi son a mare ni da in ji ta.

Nafisa ta durƙusa ta ɗauko motar ta dasa ta dab da shatin yatsuna. Ta ce wa dattijon, "Malam, abin da aka aike ta nema ke nan, alamar mai rai. Yau ta samu." Ya yi dariya har da share ido, ya ce ta ci gaba. Ta yi bayaninta kaf, babu tudu babu duwatsu.

Na biyu suka zo. Ba su je gasar jiha ba. Sai da muka kai ƙofar gida Nafisa ta sa bakin gyalenta ta goge mini goshi. Har yau ban iya tambayarta ko tudun nan da na baje ne ya ja musu ba.

Yanzu a gida, in an ga labarin motar a talabijin, babansu sai ya ce, "Ku tambayi Innarku, ita ta riga su zuwa." Ni kuwa dutsena yana cikin jaka duk inda za ni. Kuma in na ga an tanadar mini alheri tun ban roƙa ba, nakan fara tambayar na wane ne, sannan in yi godiya.