Ɗaurin Aure Ta Tagar Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Rabi ba, ko na so in manta ma mutanen Tibiri ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, in rasa wanda zan fara zagi: motar ce, ko makanikin da ya ce mini "ba komai", ko ni da na yarda da shi. Yawanci dai a kaina zagin yake ƙarewa.

Bari ku san motar tukuna. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, ta hannu, ta girmi wasu daga cikin malaman da muke koyarwa tare. Ni malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a unguwar Zariya cikin Maraɗi, shi ya sa kowa ke kirana Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, har tsofaffin gidanmu. Ita kuma motar Gajera nake ce mata. Duk haushinta da nake ji, ba zan ci haƙƙinta ba. Mai ba ta shan shi, lasa take yi. Kayan gyaranta kuwa, shiga Sabon Gari ka ambaci abin da kake so, kafin ka rufe baki an zube maka shi a gabanka. Lungun da babbar mota za ta tsaya tana tunani, Gajera ta riga ta ɓulla ɗaya gefen.

Sai dai fa ba ta da sanyi, sai wanda Allah ya aiko ta taga. In ta hau rami kai ne za ka ji a ƙugunka. In ka matsa mata gudu sai ta kama rawa kamar mai zazzaɓi. Babban aibinta kuma, wanda na ɓoye wa duniya, ƙofar direba ta mutu tun ranar da wani mai amalanke ya goge ta. Makanikina ya ɗaure ta da waya daga ciki, gilashinta ya maƙale a rabi, ya ce zai nemo mini wata ƙofar. (Har yau yana nema, Allah ya ba shi sa'a.) Saboda haka ta ƙofar fasinja nake shiga, in tsallake sandar giya in zauna. Na ƙware har ba mai lura. Ana gobe biki na ce masa ƙofar da ta rage ma makullinta ya fara gardama. Ya buɗe, ya rufe, ya shafa mata baƙin mai da yatsa, ya ce, "Ba komai, Mushe, wagga ƙohwa sai ta binne mu."

Mahaifinmu ya rasu da daɗewa, don haka waliyyin Rabi shi ne ƙanensa, Baba Illa, manomi a Jiratawa, dattijo mai jiki, mai kafiya. Dangin ango kuwa 'yan kasuwa ne masu hali. Tun da aka sa rana Inna ba ta da magana sai ɗaya: kada mutanen nan su dube mu su ga kamar Rabi ba ta da kowa. Abin da take so shi ne Baba Illa ya iso ƙofar gida cikin mutunci, ya zauna kan darduma, ya ba da aure kamar yadda mahaifinmu zai yi.

Muna tsakar gidanmu na Tibiri ana wannan shawara sai ɗan gwaggonmu Alhaji Lawali, mai babbar motar nan kat-kat, ya ce direbansa zai ɗauko Baba. Da a nan ya tsaya da ba abin da zai faru. Amma sai ya dube ni, a gaban mata, ya ce, "Ai ba a ɗauko waliyyi cikin gwangwanin tumatir." Matan suka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ni ne babban wan amarya, ni zan ɗauko ƙanen ubana, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa. Inna ta ce, "Mushe, ka tabbata?" Na bugi ƙirji na ce ta bar mini.

Da sassafe na isa Jiratawa. Lokacin bazara ne, tun hantsi bai yi ba gari ya fara zafi. Na tarar da Baba Illa ya shirya tsaf cikin wata farar babbar riga mai aikin hannu. Ina ganinta na gane ta, rigar mahaifinmu ce, wadda yake sawa ranar salla. Ban san tana wurinsa ba. Ya ga ina kallonta ya ce, "Yaya ne zai ba da ɗiyatai yau, ni aro na yi mishi baki." Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

To, mutumin Jiratawa ba ya zuwa biki hannu rabbana. Kafin in ankara an fito da buhunan albasa, da ƙunshin zogale, da wani rago mai ƙaho. Na ce, "Baba, motar ƙarama ce." Ya ce, "Mi an ka yi mota don shi?" Aka danna buhuna a but har marfin ya rufu da ƙyar, aka kwantar da kujera aka tura rago baya. Na shiga, na tsallake sandar giya. Baba ya tattara jikinsa ya zauna, ya kama ƙofa da hannun da ya saba riƙe hauya, ya maka ta. Sai da motar ta girgiza.

Gaskiya Gajera ta yi ƙoƙari ranar. Bugu ɗaya ta tashi. Da wannan kaya haka ta hau kwalta tana nishi, ba ta tsaya ba. Da muka shigo Maraɗi muka tarar da cunkoso wajen kasuwa, na karya cikin lunguna, muka bar manyan motoci suna ta oda. Ina ta hura hanci, ina cewa a raina ina ma Alhaji Lawali yana nan ya gani.

A nan ne 'yan kabu-kabu masu babur suka fara. Wannan ya matso kusa da mu ya nuna motar yana ihu. Wancan ya yi oda yana nuna ƙasa. Wata mai tallan ƙosai har da tafa hannu. Ni kuwa na saba, kullum sai an yi wa Gajera ba'a a gari. Raina ya ɓaci. Na zura baki ta rabin gilashi na ce wa wani, "Kai da ko keke ba naka ba ne!" Wani ya bi mu har bakin hanyar Tibiri yana kiran "Alhaji! Alhaji!" Na watsa masa yatsu biyar, na ƙara mai. Baba ya ce, "Mi suka cewa?" Na ce, "Hassada ce, Baba."

Muka isa Tibiri a kan lokaci, wannan ku rubuta mini shi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, dangin ango sun jeru cikin shadda sai ƙamshi suke. Maimakon in tsaya daga nesa kamar mai hankali, sai na kutsa har bakin tabarmi, don kowa ya ga wanda ya kawo waliyyi. Na kashe mota. Sanƙira ya ɗaga murya yana yi wa Baba Illa kirari.

Baba ya ja hannun ƙofa. Shiru. Na miƙa hannu na ja. Shiru. Na sa kafaɗa, na roƙi wani ya ja daga waje. Mutumin ya zagayo, ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Subhanallahi." Ashe tun daga Jiratawa ƙofar ta datse gefen babbar rigar. Yadin ya cusa cikin makullin ya cije shi, sauran kuma yana waje, yana jan kwalta tun daga can har nan. Abin da bayin Allah suke ta nuna mini ke nan ina zaginsu.

Wani ya ce a buɗe ta gefen direba. Ya ja, ya ja, sai ya leƙo ya ga waya. Ya juya ya sanar da jama'a, da ƙarfi, kamar an tambaye shi: "Wagga ɗamre take da waya!" Na ji dariya ta fara daga bayan taro tana matsowa. Alhaji Lawali bai yi dariya ba, ya dai harɗe hannu yana kallona, kuma wallahi da ya yi dariyar da ya fi mini sauƙi.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Aka ce a yanke rigar. Baba ya ce duk wanda ya kawo almakashi kusa da rigar Yaya sai ya la'ance shi. Aka ce ya tuɓe ta ya fito ta taga. Ya ce, "Ni, da singileti, gaban surukai?" (Ko ya yarda ma, tagar ba za ta ɗauki rabinsa ba.) Aka sauke buhunan albasa aka ce ya bi ta but. Ya dubi mai maganar ya ce, "Shekaruna sun wuce in hito ta gindin mota." Rago kuma da ya ga hanya sai ya ƙi fita, ya kafe ƙafafu, ya saki fitsari a kan kujera. Aka aika a kira maƙwabcinmu Yohana mai walda, aka ce ya tafi coci, sai an tashi.

Rana tana ta hawa. Cikin motar ya zama tanda, ga warin albasa, ga na rago. Dangin ango suka fara duba agogo, wani dattijonsu ya ce suna da wani ɗaurin auren a Maraɗi. Ta ƙofar zaure na hango Inna ta leƙo, ta koma. Wannan leƙen ya fi komai ƙona ni.

Liman ne ya yanke magana. Ya ce ba inda aka ce sai waliyyi yana kan tabarma, a jawo shimfiɗa kusa. Haka aka ja tabarmi aka kewaye Gajera. Wakilin ango, babban mutum da rawani, ya durƙusa a bakin taga ya nemi auren Rabi. Baba ya gyara hula, ya ba da, cikin natsuwa kamar yana zaurensa. Ta taga aka miƙo sadaki. Sanƙira kuwa, wanda aikinsa ne ya maimaita kowace magana don na nesa su ji, ya buɗe maƙogwaro: "Waliyyi daga cikin mota ya ce ya ba da! Jama'a ku shaida, daga cikin mota!" Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Wa ya ce ya ƙara wannan? Aka ɗaga hannu ana Fatiha, rago ya sa baki daidai kunnena. Ni kuma ina zaune riƙe da sitiyari, gumi har cikin takalmi, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Har goro aka miƙo mini ta rabin gilashi, na karɓa, don ban san me zan yi ba.

Sai da taro ya watse Yohana ya iso da kayan aikinsa, ya kwance ƙofar gaba ɗaya ya jingine ta da bango. Baba ya fito. Gefen rigar ya zama tsumma, baƙin mai da ƙurar kwalta sun cinye aikin hannun. Na buɗe baki zan fara zagin makaniki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya shiga zaure, ya tuɓe rigar, ya ninke ta a hankali, ya kira ni.

"Na yi niyya in an shahwa Fatiha in tuɓe ta in sa maka gaban mutane," ya ce, "su san gidan ga yana da babba. Ga ta nan. Taka ce."

Ya ɗora mini ita a hannu. Bai yi faɗa ba, ko kalma ɗaya. Da la'asar ya koma Jiratawa cikin kat-kat ɗin Alhaji Lawali, ni da kaina na buɗe masa ƙofa. Inna kuwa da na shiga gaishe ta, ta dubi abin da ke hannuna, ta gane ta, ta juya fuska bango. Na fi son a ce marina ta yi.

Na koma Maraɗi a mota mai ƙofa ɗaya, wadda ba ta buɗuwa, ɗayar kuma tana kwance a baya inda rago ya tashi. Duk hanya ina faɗa ni kaɗai. Rigar na kai ta wurin maɗinka, kowa ya duba ya ce sai dai a rage mata tsawo, in an rage kuma ba za ta zama ta mahaifina ba. Tana nan cikin akwati yadda take.

Ban sayar da Gajera ba, don albashin malami bai kai ga yin fushi da mota ba. Amma na koyi abu. Yanzu in ina tuƙi wani ya nuna ni yana ihu, ko mahaukaci ne tuburan, sai in taka birki, in gaishe shi, in tambaye shi abin da ya gani. In ya ce ba komai, ba'a ce kawai yake yi wa motar, sai in yi masa godiya, sannan in zage shi.