Darakta da Akwatin Inshora

Duk unguwarmu babu direba kamar Baffana. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai dai gaskiya ta kasa kamo shi saboda gudu. Yayan babanmu ne. Da can ya taɓa tuƙa wani darakta a kamfanin siminti, ana ce masa Direban Darakta, aikin bai daɗe ba don katangar kamfanin ta shigo gabansa ba sallama. Da ya dawo gida sai ya ga sunan ya yi tsawo yana wahalar da jama'a, don tausayi ya cire na farkon. Yanzu Darakta kawai. Har mai gyaran taya haka yake kiransa.

Allah ya ba shi sanin mota. Bai taɓa buge komai ba a rayuwarsa, abubuwa ne suke buge shi, get ɗin gidanmu ya sha buge shi, falwayar bakin layi ma ta taɓa, wata rana har baron mai lemo da yake tsaye ya rugo ya same shi. Ba ya sa sigina, ya ce mai hankali ba ya gaya wa maƙiyi inda zai bi. Madubi na duba gashin baki ne. Birki kuma na matsorata.

To motar fa ta Baba ce. Idon Baba ne ya fara mutuwa, likita ya hana shi tuƙi, sai Darakta da yake zaune a ɗakinmu na waje na ɗan lokaci tun ina rarrafe ya karɓi makulli amana. Ya riƙe amana sosai wallahi, ko wanka da shi yake shiga. Ranar asibitin Baba kuwa sai ka ji Darakta yana da taro, taron nan a shagon aski ake yi, ya faka motar daidai ƙofa inda kowa zai gani, ya ɗora makullin a gwiwa yana karanta wa mutane siyasar duniya. Baba yana gida da katinsa a aljihu yana jira. Baba ba ya iya ce masa komai, yayansa ne, sai dai ya ce to Yaya. Har likita ya ce in ana tsallake ranaku haka, ɗan ganin da ya rage ma zai tafi.

Shi ya sa na koyi mota. Ni ce auta, karatuna bai yi nisa ba, Mama nake tayawa a shagon ɗinki, amma na je na koya na ci gwaji na samo lasin ɗina fes. Sai maganar inshora. Mutanen kamfanin inshora suka ce ni sabuwar hannu ce kuma yarinya, za su sa sunana a kan motar amma da sharaɗi, sai sun maƙala wani ɗan akwati baƙi a ƙarƙashin sitiyari. Shi akwatin nan yana jin komai, gudu, birkin gaggawa, shan kwana, in ka yi ba daidai ba ya yi tiiit. Da yamma sai fuska ta fito a wayata, koriya tana murmushi ko ja ta ɗaure. In ja ta yi yawa su cire sunana, in suka cire ba ni ba tuƙi, makulli ya koma wanka.

Abu ɗaya ne, akwatin ba shi da ido. Duk wanda ya tuƙa ni ce.

Ranar da aka sa shi Darakta ya zagaya motar da hannu a baya, ya leƙa, ya gyara murya.

“Wannan na'ura na san ta tun kafin ta shigo. Ba ta san komai ba tukuna, koyo take. Dole ta fara jin hannun gwani kafin a ba ta hannun yara, in ba haka ba sai ta taso da mugun hali.”

Saboda haka kullum da safe shi yake fita da ita ya ba ta tarbiyya. Tun daga get take ihu, tiit tiit tiit, kamar an taka wa kyanwa wutsiya, muna jiyowa daga kicin har ya ɓace. Ya ce gaishe shi take. Da ta ƙi yin shiru sai ya ƙure rediyo, ya ce ɗalibi ba ya magana malami yana aiki. Ni kuma in na samu motar ranar asibiti a hankali nake lallaɓawa kamar na ɗauko ƙwai a faranti, hannu biyu a sitiyari, mai keke ma wuce mu yake yana waige, akwati ko tari ba ya yi. Ranar nan fuska koriya. Sauran ranaku ja wur kamar garwashi.

In an zauna cin abinci sai Darakta ya karɓi wayata ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

“Kun gani ko? Na faɗa. Mota ba keken ɗinki ba ce. Ita na'ura tara abu take a ciki, ɓarnar da yarinyar nan ta yi ran Laraba ce take fitowa yau. Ni in ba don ina wanke mata suna da safe ba da tuni sun kore ta.”

Mama ta ce Allah ya saka da alheri, ta ƙara masa miya da ƙarfi har ta fallatsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sai ga saƙo daga kamfanin, gargaɗi na ƙarshe, a zo ofis a yi bayani ko su soke. Na shiga ɗaki na yi kukana don satin ne za a yi wa Baba aikin ido ɗaya kuma bayan aikin ma zirga-zirga ce. In na ce Baffa ne, a ce auta ta tozarta yayan ubanta a gaban bare. In na yi shiru sunana ya tafi. Darakta ya ce kar wanda ya damu, shi zai je da kansa, irin waɗannan ofisoshin fuska suke dubawa. Ya sa kwat ɗinsa ta zamanin siminti, ya fesa turare har akuyar maƙwabta ta yi atishawa. Shi ya tuƙa mu. Baba ya riƙe ƙofa yana salati tun daga layinmu har can, muka isa ya faka a wajen da aka rubuta na manaja ne, tukunyar fulawarsu ta zo ta buge shi kaɗan.

Wata mata ce a teburin, da tabarau, ba ta da hayaniya. Darakta bai bari ta gama sannu da zuwa ba.

“'Yata, ni na zo ne a matsayin uba kuma masani. Yarinyar nan ba ta iya ba, ban ɓoye ba. Tsoro gare ta. Amma ku yi mata afuwa albarkacina, zan ci gaba da sa ido.”

Matar ta ce to ranka ya daɗe, ta juyo da kwamfuta wajenmu, ga taswira ga jan layi. Ta dube ni ta ce akwai tafiyar da ta ba su mamaki, ran Litinin da safe, babban shataletalen nan na wajen gada, an shige shi da gudun da su tunda suke ba su taɓa ganin wani ya shiga da shi ya fita da ƙafa huɗu a ƙasa ba, ko birki ba a taɓa ba. Ta ce ke kika yi wannan?

Ina jin kujerar Darakta tana ƙara.

Matar ta ce gaskiya a ce sabon hannu ya yi wannan abin mamaki ne, ga wata ma, an fizgi mota a kan gada kamar ana wuce tirela.

“Wa? Ita?” Darakta ya miƙe tsaye. “Wannan ce za ta sha wannan kwanar? Wannan da take tsaya wa kaza ta tsallaka? Haba 'yata, a dinga ba mai haƙƙi haƙƙinsa! Ni ne nan. Da hannu ɗaya ma, ɗayan ina amsa waya. Tirelar ma biyu ce, na'urarku ba ta ƙirga daidai ba. Duba ran Alhamis, hanyar filin jirgi, duba ki gani!”

Ta duba. Ta ce wannan ma kai ne? Ya ce shi ne. Wannan fa? Shi ne. Haka suka bi jan nan kaf, yana tsaye yana nunawa da makulli, inda ta tsallake ya dawo da ita, bai bar mini ko ɗaya ba, mutum ne da ba ya yarda a ci masa gumi. Da suka zo kan masu kore ya yamutsa fuska ya ce waɗannan tafiyar hawainiyar dai nata ne, kar a haɗa shi da su.

Matar ta yi ta buga rubutu. Ta ce to an gode, bayani ya fito, sunana yana nan, shi kuma daga yau kamfani ba ya ɗaukar nauyin motar in shi ne a sitiyari, ko daga get zuwa inuwa. Ta ce mai mota ya yarda? Baba yana kallon bango, ya ce, “To, tunda Yaya ya faɗa da bakinsa ai ba na musa masa.”

A waje Darakta ya tsaya ya daɗe yana gyara kwat. Sai ya miƙo mini makulli da yatsa biyu.

“Dama na gaji. A ina kika taɓa ganin darakta yana tuƙa kansa? Ja mu je.”

Ya shige gidan baya ya harɗe, Baba yana gaba kusa da ni. Duk wanda muka wuce a layinmu sai ya ɗaga masa hannu a hankali, wajen shagon aski ya ce in rage gudu, ban san me zan rage ba.

Na faka a ƙofar gida, na zagaya na kamo hannun Baba muka shiga. Na manta shaf ƙofofin bayan nan ba sa buɗuwa ta ciki, an sa musu makullin yara saboda jikokin Mama, shi bai taɓa zama can ba balle ya sani. Ni kuma na ɗauka zaman girma yake. Na ɗiga wa Baba magani, na ɗora ruwa, na share tsakar gida, rana tana dukan mota.

Ɗan maƙwabtanmu mai yawo ba wando ne ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi, ya yi ɗage ya buɗe masa. Darakta ya fito sharkaf, kwat ta manne a baya, ya dubi yaron ya ce, “Gobe ka zo da wuri.”